Shafin da Na Gina wa Baba

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau na fara zuwa ajin koyon gina shafin intanet. Saman wani bene ne a Sabon Gari, ƙasansa masu gyaran janareto, kafin ka kai sama ka ƙoshi da hayaƙi. Malamar sunanta Biriskila, 'yar Zariya ce, Hausarta ta fi tawa tsabta, abin haushi. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da ya kawo mu. Na ce so nake in yi wa shagon mahaifina na Kantin Kwari shafi, masu sarin atamfa da shadda daga nesa su riƙa gani suna zaɓa. Ta ce madalla. Sauran ban faɗa mata ba.

Sauran shi ne idon Baba yana tafiya. Ga shi na rubuta, tunda a gidanmu an mayar da maganar kamar zagi. Odar kwastomomi yanzu duk ta waya take zuwa, shi kuwa sai ya kai wayar har bakin hancinsa, sannan ya miƙa wa Yaya Abdulhafiz ya duba masa, wai ya manta tabarau a gida. Kullum an manta tabarau. Tabarau ɗin nan yana aljihun rigarsa, na sha ganinsa. In aka ci gaba a haka, za a wayi gari Alhaji Dabo yana zaune a shagonsa kamar baƙo, ana ciniki ta saman kansa. Daga nan sai zaman gida. Ni kuwa na san Baba, ranar da ya daina fita kasuwa, ranar ya fara ƙarewa.

Laraba, 9 ga Yuli

HTML ake kiransa, ƙashin shafi kenan: nan kan magana, nan sakin layi, nan hoto. Na rubuta “Shagon Alhaji Dabo, Kwari” ya fito a sikirin, na kasa rufe baki. Ifunanya da ke zama kusa da ni, haihuwar Sabon Gari ce, ta ce in rage washe haƙora, ko farawa ba a yi ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Abin da ke ƙona min rai a gidan nan. Inna ta kawo wa Baba ruwa, sai ta ɗaga murya ta ce ta ajiye nan damansa, kar yara su zubar. Waɗanne yara? Ni ce autar gidan, kuma na yi girman da ƙawayena duk suna da goyo. In wani ɗan'uwa ya shigo gaisuwa, tun bai durƙusa ba ta ambaci sunansa har da na ubansa, kamar mai shela. A shago ma haka. Yaya Abdulhafiz in zai sauko da turmin atamfa sai ya ce ga shuɗin nan da ya zo ranar Talata, alhali turmin yana gaban kowa. Alhaji Sammani maƙwabcin shagonmu, wanda suka yi tashe tare da Baba tun suna yara, yanzu in ya leƙo sai ya ce Sammani ne ya zo ya dame ka. Wai shi ma sai ya gabatar da kansa.

Na ce wa Inna wannan ai munafunci ne, a fito fili a faɗa a nemi mafita. Ta ce bakina ya girme ni, in wuce in tsince shinkafa.

Ni ban iya rufa-rufa ba, haka Allah ya yi ni. Baba da kansa yakan ce halin mahaifiyarsa na ɗauko tare da sunanta. Shi ya sa ba ya ce min Yakaka, sai Uwata.

Talata, 15 ga Yuli

An shiga ado, CSS. Na zuba wa shafina rubutu ruwan gwal a kan ruwan madara, siriri, irin na katin biki. A babbar kwamfutar aji wallahi ya yi kyau, har na ɗauki hoto. Malama ta zo ta duba. Ta ciro wata tsohuwar ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi daga jakarta, ta buɗe shafin a ciki, ta ce in fita baranda cikin rana in karanto mata.

Ban ga komai ba. Rubutun ya ɓace, hotunan sun fi ƙarfin wayar, sai ka yi ta ja gefe kafin ka ga ƙarshen turmi ɗaya. Da na dawo ta tambaye ni ina masu sayenmu suke. Na ce Damagaram, Maiduguri, Yola. Ta ce to ba a gaban babbar kwamfuta suke zaune ba, a tsaye suke cikin kasuwa, hannu ɗaya waya, hannu ɗaya kaya, data kuma ta kusa ƙarewa. Shafi shi zai daidaita kansa da wayar mutum, ba mutum zai sayo waya don shafina ba.

Na ji haushi, don gaskiya ta faɗa. Gwal ɗina ya tafi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na iya! In na faɗaɗa tagar, hotuna su jeru uku-uku. In na matse ta, su sauko ɗaya ƙarƙashin ɗaya da kansu. Na yi ta faɗaɗawa ina matsewa har aka ɗauke wuta.

Litinin, 21 ga Yuli

Darasin yau ya tsaya min a rai. Malama ta bi ta cire maus ɗin kowa ta tara a kwali, ta ce mu zagaya shafinmu da kibod kaɗai. Nawa ya maƙale tun a maɓalli na biyu. Sai a lokacin na lura ita ba ta taɓa riƙe maus ba tun da muka fara, hannunta na dama ba ya dunƙulewa, wai hatsarin mota ne a hanyar Zariya. Mako biyu ina kallonta ban gani ba, ni mai cika bakin ina ganin komai.

Ta ce akwai wanda ba ya gani, akwai mai gani kaɗan, akwai wanda ba ya ji, akwai wanda hannunsa ke rawa, kuma duk suna da waya. Kowane hoto sai an rubuta masa bayani a ɓoye, saboda akwai wayar da ke karanta wa mai ita shafi da murya. Ni duk hotunana “hoto1”, “hoto2” na sa musu. Ta kunna muryar ta karanto su a jere, aji ya kwashe da dariya.

Ban yi dariya ba. Ashe akwai hanya. Ashe Baba zai iya duba odarsa da kansa.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na yanke shawara. Zan yi wa Baba shafinsa na musamman, daban da na kwastomomi. Malama ba zan gaya mata ba, tafiyar hawainiya take yi da mu, wai darasin sauti sai wata mai zuwa. Muryar wayar nan kuwa in tana karanta Hausa kamar wanda ya cika baki da tuwo mai zafi. Muryata zan naɗa in sa, ya ji 'yarsa ce ke masa magana.

Laraba, 30 ga Yuli

Na gama. Baƙin bango, manyan haruffa ruwan ɗorawa, kana buɗewa muryata ta yi sallama ta faɗi ko shafin na su wane ne. Ifunanya ta saurara, ta tambaye ni ko na gaya masa tukuna. Na ce a'a, ba-zata zan yi masa. Ta ce ita dai babanta ba ya son ba-zata. Na ce uba da uba akwai bambanci.

Asabar, 2 ga Agusta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan iya rubutawa yau ba.

Lahadi, 3 ga Agusta

To, bari in rubuta, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Jiya bayan azahar na je shago. Asabar ce, kasuwa ta cika. Hajiyar Damagaram da ke sari a wajenmu tana ciki da 'yar rakiyarta, Alhaji Sammani yana zaune kan dilar kaya da kofin shayi, 'yan dako a ƙofa suna jiran kaya. Da ina da hankali da na bari sai an dawo gida. Amma so nake a gani, gaskiyar magana kenan. So nake a ce Uwata ta yi abin da maza suka kasa.

Na karɓi wayar Baba na ce zan nuna masa wani abu. Na manta sautinta kullum a ƙure yake saboda rediyon da yake ji. Na buɗe na sa masa a hannu. Sai ga muryata, tar, har shagon da ke kallonmu:

“Assalamu alaikum. Barka da zuwa shafin makafi da masu raunin gani na shagon Alhaji Dabo.”

Kuma ba ta tsaya nan ba, don ban sa mata abin tsayarwa ba. Ta ci gaba da bayanin cewa an ƙara girman rubutu domin wanda idonsa ya yi rauni, ba sai ya nemi wani ya karanta masa ba. Na kai hannu zan karɓe, Baba bai saki ba. Ya riƙe ta har ta gama. Sannan ya kifa ta a kan tebur a hankali.

Hajiya ta sunkuya kan wani turmi tana ta shafa shi kamar ba ta taɓa ganin atamfa ba. Alhaji Sammani ya juya yana tambayar ɗan dako ko hadarin nan zai zubo. Yaya Abdulhafiz ya hau gyara kayan da suke a gyare. Ba wanda ya dubi Baba, ba wanda ya dube ni. Baba ya tambaya ko an kira la'asar. Ko kusa ba a yi ba. Ya ce bari ya je ya yi alwala, ya laluba takalmansa da ƙafa, ya fita.

Bai dawo ba. Shi kaɗai ya tare adaidaita ya koma gida, wayar ma a shago ya bar ta.

Magana zarar bunu, in ji Inna kullum. Tawa har naɗa ta na yi.

Talata, 5 ga Agusta

Jiya bai fita ba, yau ma. Wai jikinsa ne ba daɗi. Masallacin ƙofar gida kawai, ya dawo ya kwanta.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na samu Inna tana tankaɗe, na zauna zan fara kare kaina. Na ce ni taimako na yi niyya, kuma ai gaskiya ce, da an faɗa tun tuni da an kai shi asibiti. Ba ta ɗago ba. Ta ce an kai shi tun kafin azumin bara, shi da Abdulhafiz suka je. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙe sauran, kuma ita take ɗiga masa maganin safe da yamma a ɗaka, ƙofa a rufe. Ni ina gidan nan ban sani ba. Na tambayi dalilin da ba a gaya min ba, ta dube ni kawai, na gane amsar.

Sannan ta ajiye rariyar.

“Ke kin zaci ke kaɗai Allah ya ba ido? Duk layin sun sani. Rufa masa muke yi, shi ma ya san muna rufa masa. Da wannan yake sa hula ya fita.”

Na ce amma Inna, gaskiya fa. Ta ce abin da kowa ya riga ya sani, faɗarsa a bainar jama'a tonon silili ne, ba wata gaskiya. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Har yanzu akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa ban yi ƙarya ba. Ban san me zan yi da shi ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Na yi fashin aji duk makon jiya. Yau na je, na tsaya bayan an tashi na nuna wa Malama shafin, na gaya mata komai. Na shirya shan faɗa. Ta saurari muryar zuwa rabi ta rage sautin, ta tambaye ni me ya sa na yi shafi biyu. Na ce ɗaya na mutane, ɗaya na Baba. Da na ji yadda maganar ta fito daga bakina na so ƙasa ta tsage.

Sai ta ba ni labarin mahaifinta, Malam Nehemiya, tsohon malamin makaranta. Da ɓarin jikinsa ya shanye ya koma keken marasa lafiya, mutanen cocinsu don ƙauna suka fasa masa wata 'yar ƙofa ta baya, kusa da ɗakin ajiya, har da rubutu a samanta. Ya bi ta sau ɗaya ko biyu, ya ce shi ya fi son yin addu'arsa a gida. Bai koma ba sai da aka rushe matakalar gaba aka mayar da ita gangara. Daga nan tsofaffi da masu ciki da masu goyo duk ta nan suke bi, yau ba wanda ya tuna don wa aka yi ta.

“Shafi ɗaya za ki yi, Yakaka. In ya yi wa mai ƙaramin gani, ya yi wa kowa. Kuma kar komai ya yi magana sai an ce masa ya yi.”

Na ce ko na gyara ba zai ƙara taɓa wayar ba. Ta ce wannan ba ta koyar da shi, ni na san mahaifina.

Laraba, 13 ga Agusta

Na kai masa shayi da safe, na durƙusa na ce Baba ka yafe min.

“Laifin me?”

Na buɗe baki, sai na ga in na amsa na sake faɗa kenan. Yana zaune yana jira. Na ce shayin ne ya makara. Ya ce ba komai, ke ajiye nan.

Ke. Tun ranar Asabar ɗin nan bai ce Uwata ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Ya rame. Abinci sai ya taɓa ya ture. Da hantsi yana zaune a baranda da jallabiya, lokacin da a da ya yi nisa da ciniki. Rediyon ma ya daina kunnawa. Jiya na ji yana tambayar Inna yau wace rana ce. Baba, wanda ya san ranar shigowar kowace mota daga Legas.

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan huce a kansa, sai na tafi Kwari na tare Yaya Abdulhafiz. Na ce ai shi gaba ta kai shi, kujera ta zama tasa. Allah na tuba. Ya nuna min kujerar Baba da haɓa. Dardumarsa tana kai a naɗe yadda ya bar ta, shi Yaya a kan dila yake zama. Ya ce kullum da yamma yana ƙirƙiro tambayoyin da ya san amsarsu ya kai wa Baba gida, don kar ya ji an daina buƙatarsa, amma sai Baba ya ce masa ka yi yadda ka gani.

Alhaji Sammani ya leƙo ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi jikin Alhaji, ya ce zazzaɓin damina bana ba sauƙi. Na ce da sauƙi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Alhamis, 21 ga Agusta

Na rushe duka na faro daga tushe. Shafi ɗaya. Rubutu baƙi ƙirin a kan fari, manya tun daga farko, kuma in mutum ya ƙara musu girma ba abin da ke hawa kan wani. Ƙarƙashin kowane hoto na rubuta sunan kayan da kalarsa a fili: shadda shuɗiya mai duhu, atamfa ja mai zanen ganye. Maɓallai kowanne ya kai faɗin babban yatsa. Wurin duba oda layi-layi, suna, gari, kaya.

Ban san yadda Baba yake gani ba, kuma ba halin in tambaya. Sai na ɗaura farar ledar burodi a idona na riƙe waya a bakin hanci ina gwadawa. Ifunanya ta shigo ta same ni a haka, ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga baya ta karɓi ledar ita ma ta duba nata shafin. Ba ta ƙara dariya ba.

A cikin ledar nan na gane abu ɗaya. Ba duhu ne ya fi ciwo ba, jiran wani ya gaya maka ne.

Talata, 26 ga Agusta

Malama ta gwada shi a tsagaggiyar wayarta, a baranda cikin rana, da kibod ba maus, da muryar waya. Abu ɗaya ta kama: odar da ba a tura ba ɗigon ja kawai na sa mata, wadda aka tura kore. Ta ce wanda bai bambance kala fa? Na rubuta da kalmomi, “an tura”, “ba a tura ba”. Ta ce yanzu ya zama shafi. Na ɗora shi a intanet, na nuna wa Yaya yadda zai riƙa kula da odar da ke shigowa.

Muryar nan da na naɗa tana cikin laftof ɗina. Na saurare ta sau ɗaya. Yadda nake magana cike da jin daɗin kaina. Na goge.

Asabar, 30 ga Agusta

Yaya ya dawo da wayar Baba tun tuni, tana kan taga ba mai taɓa ta. Na yi mata caji, na sa alamar shafin babba a fuskar farko, ita kaɗai a tsakiya, na mayar inda take.

Da la'asar Baba yana baranda, Inna tana gyaran zogale nesa kaɗan. Na zauna kusa da ita na ɗaga murya, ni Yakaka, na ce kwastomomin Damagaram sun dame mu da ƙorafi wai rubutun shafin shago ya yi ƙanana a wayoyinsu, dole na ƙara masa girma saboda su. Na ce yanzu ko a wayar wa aka taɓa alamar da ke tsakiya, duk oda za ta fito. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ai mutanen Damagaram akwai ƙorafi.

Baba bai motsa ba. Ban san ko ya ji ba. Ya ji mana.

Lahadi, 31 ga Agusta

Wayar ba ta kan taga da na fito da safe. Na yi kamar ban lura ba, Inna ma haka. Wuni na yi ina kai-kawo a tsakar gida ba aikin fari ba na baƙi.

Bayan la'asar ina wanke-wanke na ji daga baranda:

“Uwata.”

Kwanon ya kusa suɓuce min. Na je na durƙusa. Wayar tana hannunsa, tabarau a idonsa, a fili.

“Hajiyar Damagaram ta nemi shuɗiyar shadda tun ranar Alhamis, ga shi an rubuta ba a tura ba. Barci Abdulhafiz yake yi a shagon nan?”

Na ce wallahi ban sani ba, Baba. Ya yi tsaki, ya ce shago in ba mai shi a ciki haka yake lalacewa, a gaya wa Inna ta fito masa da farar shaddarsa a goge. Har na miƙe ya ce gara da na ƙara wa mutanen Damagaram girman rubutun nan, wayoyinsu ƙanana ne. Na ce haka ne, Baba.

Na kira Yaya a waya daga bayan gida. Ya ce shaddar Hajiya ai ta isa Damagaram tun shekaranjiya, mantawa ya yi bai danna “an tura” ba. Na ce mantawa? Ya ce e, mantawa. Na gane da gangan ya bar ta saboda Baba, na kashe.

Litinin, 1 ga Satumba

Ya fita.

An kwana ana ruwa. Yaya wai yana sauri ya riga mu tafiya, Inna ta ce tunda ta mahaɗar Bata zan hau adaidaita, in riƙe wa Baba lema mu tafi tare. Ya sa farar shaddar da hular da yake zuwa Juma'a da ita. Ta yi masa yawa a wuya yanzu, shaddar.

A shago Alhaji Sammani ya leƙo ya ce Sammani ne ya zo ya dame ka, ya jiki, zazzaɓin nan ya sake ka? Baba ya ce alhamdulillahi. Ya ɗauke dardumar ya zauna a kujerarsa, ya ciro waya, ya hau Yaya da faɗa kan shaddar Hajiya. Yaya ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Na bar su a haka na wuce aji, na makara, Malama ta dube ni ba ta tambaya ba.

Akwai abu ɗaya da ban so rubutawa ba. A hanya, daidai gaban mai shayin kwanar layinmu, ruwa ya janye murfin kwatar, rami a buɗe, Baba yana tafe kai tsaye. Hannuna har ya tashi zai kamo hannun rigarsa, mutane cike a bencin mai shayi. Na mayar da hannun. Sai na ji bakina yana cewa, da ƙarfi, kamar mai mita:

“Kai, dubi kwatar nan ta gaban mai shayi, a buɗe har tsakiyar hanya, sai mutum ya raɓa ta hagu.”

Baba ya raɓa ta hagu. Ya ce mutanen yanzu ba sa gyara komai.

Ban ce na yarda da su Inna ba. Kwatar dai a buɗe take, gaskiya na faɗa.